Shin in shuka zurma a filin da aka taɓa niƙa dutsen zinare?

Magajin Gandu: Assalamu alaikum. Na gaji fili mai kusan kadada ɗaya a bayan garinmu a Zamfara, kuma a gefensa na gabas ne masu haƙar zinare suka taɓa kafa injin niƙa dutse. Tun abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mahaifinmu ya hana a shuka abin ci a wurin, har ya rasu ba a sa wa filin garma ba. Yanzu wani ya ba ni shawara in shuka zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, wai tana tsotse guba daga ƙasa, ga shi kuma ana sayen 'ya'yanta. Damina ta ƙarato. Ina son in ji daga waɗanda suka taɓa nomanta ko da gaske tana gyara ƙasa, da kuma ko bayan shekara biyu ko uku zan iya mayar da filin ga gero.

Bakanon Dawanau: Wa alaikumus salam. Malam, ka shuka kawai. Bara na sayi kilo a kan naira 700 daga hannun masu kawowa daga Kogi, kuma ban samu yadda nake so ba. Indiya ce ke riƙe da kasuwar duniya, mafi yawa daga jihar Gujarat, mu kuwa muna kallon abin yana fitowa a bola muna sarewa.

Baba Mai Garma: Ɗana, kafin ka saurari ɗan kasuwa ka saurari wanda ya sunkuya a gona. Shekaru shida da suka wuce wasu mutane suka zo da mota da takardu, suka tara mu a ƙofar mai gari, suka raba mana iri bashi da alkawarin za su dawo su saye duk abin da muka samu. Na cire dawa daga kadada biyu na zuba zurma. Ta yi kyau ƙwarai, har ta fi ni tsawo, amma ba wanda ya gaya mana cewa zangarniyarta ba ta nuna lokaci ɗaya, kuma idan kwanson ya bushe a tsaye fashewa yake yi ya watsar da ƙwayar. Sai da muka shiga girbi sau huɗu, duk da haka kusan sulusi ya zube ƙasa. Muka tara buhu goma sha ɗaya muka zauna jira, lambar wayar da suka bari kuwa ta daina shiga tun kafin kaka. Da na gaji, sai na kai buhu biyu wurin mai injin matsar gyaɗa, ya matse mini man, na dawo da tunkuzar na ajiye a bayan rumbu da niyyar yin taki. Awakina huɗu suka same ta. Cikin kwana biyu babu ko ɗaya a raye, har da wadda uwargida ta saya da kuɗin adashinta. Ragowar buhunan a kan naira 180 kilo na rabu da su. Har yau gyauronta yana fitowa a cikin dawata, ina cirewa ina tuna waɗancan mutane.

Bakanon Dawanau: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma naira 180 ba farashi ba ne, ƙwace ne. Ka sayar wa wanda ya ga idonka ya yi ja.

Uwar Marayu: Ni kuwa a wannan watan aka yi mini tayin naira 400, ba 700 ba, kuma sai na ɓare na kai da kaina. Alhaji, ko dai farashin da kake sayarwa ka faɗa mana?

Malamar Kimiyya: Baba, ina taya ka jaje. Abin da ya kashe awakinka sunansa risin, guba ce da ke cikin ƙwayar, ba ta bin mai idan an matse, a tunkuza take zama. Shi ya sa ake shan tataccen man a matsayin maganin wankin ciki, amma 'yan ƙwayoyi kaɗan da aka tauna suna iya kashe yaro. Da ita aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978. Game da tambayar Malam Magaji, wadda na ga an tsallake, gaskiya ne zurma tana jure ƙasa mai dalma da kadmiyom (shi ma wani ƙarfe ne mai guba) inda wasu tsirrai ke ƙonewa, amma mafi yawan dalmar da ta ɗauka a saiwa take tsayawa, kaɗan ne ke hawa kara da ganye. Amfaninta shi ne ta rufe ƙasa, ta riƙe ta, ta rage ƙurar da iska ke kaiwa cikin gidaje, tare da ba da abin sayarwa wanda ba a ci. Ba za ta wanke fili cikin shekara uku ba. Ko a Dareta da Bagega, ƙauyukan Anka da gubar dalma ta shafa, kankare saman ƙasa aka yi aka binne a rami, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Kada ka shuka gero sai an auna ƙasar, kada kuma a ƙona karan a murhu.

Bazazzagi: Malama, ni abin da na sani game da man zurma shi ne cokalin da kakarmu ke ɗura mana ranar Juma'a, wanda ke sa yaro ya yi abota da bayan gida har la'asar. Ina ba da shawara a ɗura wa Bakano cokali biyu, wataƙila farashin gaskiya ya fito.

Baba Mai Garma: Malama, ban raina karatunki ba, amma kin taɓa noma ta ko kuwa a littafi kika gan ta? Waɗanda suka kawo mana irin ma da Turanci suka yi ta bayani.

Malamar Kimiyya: Ban noma kadada biyu ba, Baba, kunya shida nake shukawa a bayan makaranta domin ɗalibai. Amma littafin ne zai gaya maka dalilin da ya sa naka ya fashe. A zangarniya ɗaya furen mata yana sama, na maza yana ƙasa, iska ce kuma ke ɗaukar ƙurar furen daga wannan tsiro zuwa wancan, saboda haka iri mai kyau yana saurin gaurayuwa da na juji idan suna kusa. Na daji yana fashewa domin ta haka yake yaɗuwa, wanda aka inganta kuwa gajere ne kuma kwansonsa yana riƙe ƙwaya har a girbe. Idan iri mai aure ne, 'ya'yansa ba sa maimaita halin uwar, kamar dai masara. Ina zargin tsintar bola aka sayar muku. An wallafa jerin ƙwayoyin gadon tsiron tun 2010, masu bincike suna neman hanyar kashe ƙwayar gadon da ke yin risin ba tare da taɓa man ba, domin kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na man wani sinadari ne guda, risinolik, da masu yin man birki, fenti da roba ke nema. Mai son iri ya tambayi cibiyar bincike ta Badeggi a jihar Neja, zurma tana cikin amfanin da suke aiki a kai.

Ɗan Tsohon Soja: Labarin Baba ya tuna mini da bini-da-zugu, wanda danginsu ɗaya da zurma da rogo. Haka aka zo mana ana cewa za a yi man dizal da shi, muka kewaye gonaki, yau shinge kawai yake mana. Matsalar ba ta tsiro ba ce, ta masu raba iri su ɓace ce.

Uwar Marayu: Mu da zogale aka yi mana haka, har da kuɗin fom. Shin akwai wanda ya taɓa kai irin waɗannan mutane ƙara ya ga ko kwabo?

Baba Mai Garma: Takardar da muka dangwala wa hannu tana wurinsu, Hajiya, ba su bar mana kwafi ba. Mai gari da ya tsaya mana shaida shi ma buhu bakwai ya yi asara.

Magajin Gandu: Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya mayar maka da alheri. Malama, a ina ake auna ƙasar, kuma nawa zan tanada? Yaran maƙwabta suna wasa a filin kullum, ina tsoron kada in kawar da guba ɗaya in dasa musu wata.

Bakanon Dawanau: Hajiya, naira 400 ɗin nan, ɓararre ne ko da kwanso? Idan ɓararre ne kuma ya kai buhu biyar, ni zan ƙara miki hamsin.