Neman kalma: yankan tsokar maƙoshi da leza

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar bayani ga majinyata, kuma ranar Litinin za a kai ta ɗab'i. Batun shi ne cutar da ke ɗauke da sunan likitan Jamus, Zenker, wanda ya bayyana ta a 1877: tsokar da ke bakin maƙoshi takan ƙi saki lokacin haɗiya, har wata 'yar jaka ta ɓullo, abinci ya riƙa taruwa a ciki yana dawowa baki. Likita yakan bi ta baki ya yanka tsokar da leza, wato na'ura mai fitar da siririn haske mai ƙarfi. Shin in bar "leza" yadda take?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Kada ki bar ta, 'yar'uwa, domin yawancin masu wannan cuta dattawa ne da za a karanta musu takardar, kuma "reza" za su ji. Ki rubuta "askar haske".

Likita: Malam, ina da ja a kan aska. Na'urar ba ta taɓa nama. Zafin hasken ne yake ƙafar da ruwan da ke cikin tsokar, yana toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma hasken ma ido ba ya ganinsa, jan ɗigon da ake gani na saiti ne. Majinyacin da zai sa hannun amincewa ya cancanci sanin cewa da zafi ake aikin. Sannan ki ce "raba tsoka", domin "yanke" yana nuna an cire wani abu, alhali ba a cire komai.

Malamin Hausa: Likita, duk lokacin da aka kawo kalmar gida sai ku ce ba ta dace ba, kamar Hausa ba ta isa shiga ɗakin fiɗa ba. Da wanzamai aka san aska tun kafin asibiti.

Ɗan jarida: Allah ya gafarta Malam, "asibiti" da "tiyata" da "likita" duk aro ne, kuma babu wanda ya ce sun rage wa Hausa daraja.

Mai fassara: Na gode muku. Zan rubuta "raba tsokar maƙoshi da zafin hasken leza", in ƙara jimla ɗaya mai bayyana cewa babu wuƙa a aikin.

Malamin Hausa: Na yarda da "raba tsoka". Amma "leza" ban karɓe ta ba, kuma a ajina "askar haske" zan ci gaba da koyarwa.