Wa ya kai ɗakin karatu garuruwan Kansas, Carnegie ko matan gari?

Malam Garba: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Ba don Andrew Carnegie, attajirin nan mai masana'antun ƙarfe ba, da ƙananan garuruwan jihar Kansas ta Amurka sun daɗe ba su ga ɗakin karatu na jama'a ba. Jiha ce ta manoman alkama da masu kiwon shanu, tsakanin gari da gari sai ka sha tafiya. Mutum ɗaya ya biya kuɗin gina ɗakunan karatu 59 a can, ya fara da garin Leavenworth a 1900. Wa ya yi kwatankwacin haka?

Malama Hadiza: Malam, gini ya bayar, bai ba da littafi ba. Kuma da sharaɗi: gari ya kawo fili, ya yi alkawarin duk shekara zai fitar da kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin daga haraji, don littattafai da albashi da gyara. To wa ya shawo kan masu gari su yarda da harajin? A garuruwa da yawa ƙungiyoyin mata ne. Su suka fara tara littattafai a ɗakin haya ko saman shago, su suka rubuta takardar roƙo. Tun 1887 matan Kansas ke jefa ƙuri'a a zaɓen gari, don haka maganarsu na da nauyi.

Isa: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Dukiyar nan daga gumin ma'aikatan ƙarfe ta fito, masu aikin awa goma sha biyu a rana. A 1892 an zubar da jini a yajin aikin da aka yi a masana'antarsa ta garin Homestead.

Malam Garba: Isa, ban wanke shi ba. Amma attajiran zamaninsa nawa suka ci gumin talaka ba su mayar da komai ba? Malama, sharaɗin da kike kuka da shi ai shi ya raya ɗakunan. Ya sa gari ya riƙi abin a matsayin nasa.

Hajiya Bilki: Duk kun tsaya cikin gari, kun manta manomi. Harajin gari ne, don haka wanda ke zaune a gonarsa bayan gari sau da yawa ba shi da haƙƙin aro sai ya biya. Abin da ya isa gare shi akwatin littattafai ne. A 1898 ƙungiyoyin mata, ƙarƙashin Lucy Browne Johnston, suka fara aika akwatuna masu ɗauke da littafi hamsin ta jirgin ƙasa zuwa makarantun karkara da ƙananan ƙauyuka, a karanta a dawo da su a karɓi wasu. A 1899 gwamnatin jiha ta karɓi aikin. Kuɗin tarayya don karkara kuwa sai 1956, lokacin da Shugaba Eisenhower, wanda ya girma a Abilene ta Kansas ɗin, ya sa hannu a dokar. A 1965 aka yi dokar da ta raba jihar shiyya bakwai don ƙananan ɗakunan karatu su riƙa taimakon juna.

Malam Garba: Hajiya, na ji batun manomi. Amma akwati yana zuwa ya tafi, gini kuwa yana nan. Na Dodge City da aka buɗe a 1907 har yau yana tsaye.

Malama Hadiza: Yana tsaye, Malam, amma yanzu cibiyar zane-zane ce. Ɗakin karatun ya koma wani ginin, kuma harajin mutanen garin ke ɗauke da shi.