Muna son yi wa ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu rajista, ta ina za mu fara?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mu tara ne a nan Kurna, shekara biyu kenan duk wata muna haɗa dubu bibbiyu muna biya wa marayun layinmu kuɗin makaranta, wani lokacin har da magani in an kwantar da wani a asibitin Murtala. A azumin da ya wuce wani bawan Allah ɗan Kantin Kwari ya ce zai taimaka mana da kuɗi, da ya ji asusuna na kaina za a tura sai ya yi shiru, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Abin ya tsaya min a rai. Ya ake rajista, kuma dole sai da lauya?

Abban Walid:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya biya ku. Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi za ku nufa, rajistar amintattu ce ta dace da ku, wato Incorporated Trustees a dokar CAMA ta 2020. Ku zaɓi amintattu aƙalla biyu, kowa ya kai shekara 18 kuma yana da NIN, ku nemi a amince da sunan, ku rubuta kundin tsarin ƙungiya da takardar zaman da kuka zaɓe su. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. In satifiket ya fito ba a gama ba fa, sai lambar haraji TIN da takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ita banki za su tambaye ku wajen buɗe asusu. Ni da lauya muka yi namu ya rage mana zirga-zirga. Kuma duk shekara sai kun kai wa CAC rahoto, da yawa nan suke mantawa tara ta yi ta taruwa.

Maman Ummi:
Ƙanina duk abin da ya faɗa haka ne, amma bari in gaya maka wanda takarda ba ta maganinsa. Mu ma mun yi tamu ta mata a Gwale, rajista lafiya lau, satifiket har firam muka sa masa, amma ba mu kai shekara uku ba ta watse saboda mutum ɗaya ce ke karɓar kuɗi ita ke fitarwa, ranar da aka ce ta kawo lissafi sai ta zo da wani littafi rabin shafukan ba kwanan wata ba rasit, ta fashe da kuka wai an maida ita ɓarauniya. Har yau ban ce ta ci ba, wataƙila mantuwa ce, amma zumuncin shekara goma ya tafi, yara huɗu da muke riƙe da su kuma suka koma gida zama. Shi ne ke min ciwo. Ku sa kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, ma'aji daban sakatare daban, duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da wanda ya fita a gaban kowa ko da dubu ɗaya ce. Sannan dan Allah kar ku riƙa ɗora hoton marayu a Facebook suna riƙe da kaya, za su girma su gani.

Malam Na Fagge:
Kafin komai ku je ku gaida mai unguwa da limamin masallacinku ku faɗa musu niyyarku. Su suka san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba kuma ba za su fito su roƙa ba.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Ummi, maganarki ta shige ni, don yanzu haka ni ne ma'aji ni ne sakatare. Ranar Juma'a bayan la'asar muna da zama, zan fitar da bayanin asusuna tun daga farko in kai musu. Abban Walid, kafin rajistar ta fito a ina ya kamata mu ajiye kuɗin da ke hannuna?