Wace kalma za mu ba "non-Newtonian fluid" a Hausa?

Mai buɗe zance: Jama'a, a taimaka. A ƙa'idar masanin kimiyya Isaac Newton, kaurin abu mai gudana ba ya sauyawa komai ƙarfin juyi, zafi ne ke tsinka shi. Haka ruwa da man gyaɗa suke. Ɗanyar gasara kuwa ta ƙi bin wannan ƙa'ida, irinta ake kira "non-Newtonian fluid". Ina ganin mu ce "ruwa mai sauyin kauri".

Malamar kimiyya: Malam, kafin a raɗa suna a ga jaririn. A zuba ɗanyen sitacin masara kofi 2 a ruwan sanyi kofi 1. In ka juya a hankali, cokali zai wuce sumul. In ka buga da sauri, sai ya ƙame kamar busasshiyar laka. Dunƙula shi a tafin hannu, da ka daina murzawa zai zube ta tsakanin yatsu. Dalili shi ne ƙwayoyin sitacin ba su narke ba, ɗan ruwa ne ke sulɓi a tsakaninsu. Bugu na cushe su, su gogi juna su tsaya. In ruwa ya yi yawa ba za ka ga komai ba, ruwan zafi kuma dafa shi zai yi ya koma koko. Masu koko a Ƙofar Wambai sun san wannan tun wajen kwasar gasara daga gindin bokiti. Masu sauyin kaurin nan reshe-reshe ne, wannan reshe a kira shi "taurin bugu".

Wani ɗan'uwa: Me zai hana mu ce yauƙi kawai?

Malamar kimiyya: A'a, ɗan'uwa. Yauƙi na kuɓewa da karkashi ne, mai miƙewa kamar zare ya koma. Reshe ɗaya ne, ba zai ɗauki sauran ba.

Mai haɗa fenti a Sabon Gari: Hajiya ta yi daidai. Fenti kishiyar sitaci ne: a ƙarƙashin buroshi ya tsinke, a jikin bango ya sake kauri, shi ya sa ba ya zuba. In aka cika masa ruwa, wannan halin ya tafi, sai ya yi ta hawaye. Mu ce "tsinkewar motsi". Man goge baki kuma ba ya gudana ko kaɗan sai matsi ya wuce wani mizani, abin da masanin kimiyya Eugene Bingham na Amurka ya bayyana a 1916. Shi ya sa kalmar "ruwa" ta dame ni, Malam, don ba mai kiran man goge baki ruwa.

Mai buɗe zance: Na karɓi gyara. "Ruwa-ruwa mai sauyin kauri" ke nan. Saura sunan halin man goge baki, wa ke da shawara?