Banki ya rufe min asusu da kuɗin kaya a ciki, in kai ƙara CBN ko in jira?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana 9 kenan ba na iya cire ko sisi daga asusuna, amma kuɗi na shiga. Naira dubu 640 ce a ciki, ta atamfar da zan biya a Kantin Kwari ranar Alhamis. A banki sun ce sunan da ke BVN ɗina Aishatu ne, na NIN kuma Aisha. In rubuta wa CBN ne ko in ƙara haƙuri?

Abban Sadiq: Wa'alaikumussalam. Hajiya, buɗe wani asusun kawai.

Maman Ilham: Kuɗin fa suna cikin wannan ɗin, Malam.

Ɗan POS Kurna: Ni wata 5 na yi. Wani ya turo dubu 80 ya karɓi tsaba a shagona, ashe kuɗin damfara ne. Aka rufe komai nawa, har jarin miliyan 1 da ɗoriya. Kullum ina kan bencin banki tun kafin a buɗe ƙofa, mai gadi har ya san ni da suna. Yarinyar teburin ƙorafi ba ta ko ɗago kai, sai "ka dawo mako mai zuwa". Ranar sunan ɗana bashi na ci na sayi rago. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ummu Nana: Innalillahi. Allah ya bi maka haƙƙinka.

Malam Habu: Maman Ilham, ƙa'idar ita ce ki rubuta wa bankin ƙorafi, ki karɓi lambar shaida. In sati biyu ya wuce ba su warware ba, sai ki kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Kafin nan ki yi takardar rantsuwa a kotu kan saɓanin sunan, dubu 2 na biya.

Ummu Nana: Wace dubu 2? Dubu 7 aka karɓe min.

Ɗan POS Kurna: Malam Habu an taɓa rufe maka asusu? Wanda ruwa bai dake shi ba bai san sanyi ba.

Malam Habu: Na ƙanwata na bi har aka buɗe. Kai naka zargin damfara ne, nata saɓanin suna ne, ba hanyarsu ɗaya ba.

Abban Sadiq: Ai NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, na biyan har miliyan 5, yadda aka yi da masu ajiya a bankin Heritage a 2024.

Malam Habu: Wannan sai in bankin ne ya durƙushe.

Bala Tela: Ku koma asusun ƙasa irin na kakata, shi sai guduma ke buɗe shi, ba ya tambayar BVN 😂

Ummu Nana: Ni abin da ke ci min rai cire-ciren nan ne. Kuɗin saƙo, kuɗin kati, ga naira 50 kan duk turin da ya kai dubu 10. Asusuna na rufe ma suna cire kuɗin saƙo.

Ɗan POS Kurna: Mu fa duk naira 50 ɗin nan mu ake zagi a kanta, kamar aljihunmu take shiga.

Maman Ilham: Malam Habu, sati biyun daga ranar da aka rufe ake ƙirgawa, ko daga ranar da na rubuta?