Ina za mu ci abincin Faransawa na gaske a Nis ba tare da an yanke mu ba?

Bamarade: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ina aiki a Liyon ta Faransa, surukata ta zo daga Maradi ganin jikanta, kuma na yi alkawarin kai su bakin teku kafin ta koma. Mun kama masauki a Nis, garin bakin teku da ke kudancin ƙasar, na kwana 3 cikin watan Agusta, kusa da tashar jirgin ƙasa. Hajiya ta ce tun da ta zo shinkafa da miya take ci kamar tana gida, tana so ta ɗanɗana abincin masu ƙasar ko sau biyu ne. Ƙarfina Yuro 25 kowane mutum, mu uku ne da jariri. Ba alade, ba abin da aka dafa da giya, kuma Hajiya na fama da gwiwa, ba ta doguwar tafiya. Don Allah kar a ce mini kebab.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ai ka sauka inda ya dace. Unguwar tashar nan cike take da shagunan Larabawa, Yuro 10 ka ci kebab da dankali ka ƙoshi, halal ba shakka.

Bakano: Ka hau jirgi ka tafi Marsai kawai, can ake miyar kifin nan da ake ta labari.

Bamarade: Yaya Ɗan Damagaram, kebab ɗin ne muke gudu. Marsai kuma tafiyar sama da awa biyu ce, da tsohuwa da jariri.

Alhajin Tawa: Ƙanena, tsaya ka ji abin da ya same ni, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shekara biyu da suka wuce na kai abokan kasuwancina biyu Nis. Muna yawo da yamma a layin masu tafiya a ƙasa, wani yaro a ƙofar gidan abinci ya tare mu da fara'a, har da "salam alaikum". Na duba takardar farashi na ga kifi Yuro 9, na ce a kawo mana babba mu ci tare. Aka nuno mana shi a faranti ɗanye, muka ce madalla. Ashe a gefen 9 ɗin akwai ƙaramin rubutu: kuɗin giram 100 ne. Kifin ya haura kilo ɗaya. Ga ruwan kwalba da ba mu ce a kawo ba an buɗe har uku, ga salak, ga kofi. Takarda ta zo Yuro 187, wato jaka 122 da ɗoriya a kuɗinmu. Baƙina na kallona, ba halin in tsaya ciniki, na biya. Amma wallahi ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Muna tashi na yaba romon da aka zuba wa kifin, yaron ya ce ai da farar giya ake haɗa shi. Ɗaya daga cikin baƙin nan bai daɗe da dawowa daga Umra ba. Daren nan ban runtsa ba.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Amma ba garin ne duka haka ba. Shekarata 9 a Nis, nan na haihu. Ƙa'idata ɗaya: duk gidan da aka ajiye mai kiran mutane a ƙofa, ko aka manna hotunan abinci da rubutu cikin harsuna biyar, wuce shi. Bamarade, daga masaukinku ku hau tiram, jirgin cikin gari, layi na 1 ku sauka Libération, ba nisa. Akwai kasuwar safe, ban da ranar Litinin, kewaye da ita ƙananan gidajen abinci ne da 'yan gari ke ci. Ku je da rana, tsakanin 12 da 2, ku tambayi abincin ranar, wanda suke rubutawa da alli a kan allo. Ni ina ci tsakanin Yuro 16 da 19. Ruwa kuwa ku ce "carafe d'eau", na famfo ne, kyauta ne ga mai cin abinci, kuma ladan mai kawo abinci yana cikin farashin.

Alhajin Tawa: Yuro 16 a Nis? Hajiya, sai dai in burodi da ruwa. Ni kofi kaɗai Yuro 5 aka sa mini.

Bakano: Ni bara 35 na biya, ban ma sha komai ba.

Uwar Biyu: Da dare kuka ci, kuma kuna kallon teku. Kallon ne kuka saya.

Malam Na-Jami'a: Kafin a yi nisa, mene ne ma "abincin Faransawa na gaske"? Nis ba ta zama ta Faransa dindindin ba sai 1860, girkinta ya fi kusa da na Italiya. Abincin garin shi ne soka, wadda ake yi da garin waken da Larabawa ke cewa hummus, da man zaitun, a gasa a faffaɗan faranti cikin tanderun itace, a barbaɗa masoro. Sai pissaladière, burodi mai laushi da aka shimfiɗe da albasa da ƙananan kifi masu gishiri da baƙin zaitun. Sai salak ɗin Nis, da pan bagnat wanda shi ne salak ɗin cikin burodi. Waɗannan duk ba alade ba giya. Abin da za ku kiyaye shi ne daube, naman sa ne amma cikin jar giya ake dafa shi, da petits farcis, kayan lambu da ake cusa wa niƙaƙƙen nama, sau da yawa har da na alade. Akwai tambarin "Cuisine Nissarde" da ake manna wa gidajen da ke bin girkin gargajiya, sai kuma alamar "fait maison", hoton tukunya da rufin gida a kanta, ma'ana a nan aka girka.

Alhajin Tawa: Malam, sau nawa ka ci abinci a garin?

Malam Na-Jami'a: Sau ɗaya na je taro, kwana 4. Amma abin da na faɗa ba ƙarya a ciki.

Alhajin Tawa: To wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Ni na biya kuɗin karatuna.

Uwar Biyu: Alhaji, kai dare ɗaya ka yi, shi kwana 4, ni shekara 9, kuma na ce maganarsa daidai ce. Soka yanki ɗaya ba ta wuce Yuro 4, Hajiya za ta so ta don tana kama da ƙosai a baki. Sai dai a ci ta da zafi, in ta huce ba daɗi. Tsohon gari ya fi yawan masu yin ta, amma lunguna ne masu cunkoso, a Agusta da gwiwar Hajiya sai a hankali.

Ɗan Damagaram: Ni tambayata daban. Bamarade, tebur ɗaya za ka zauna da surukarka kana tauna tana kallo? Turai ta cinye kunya!

Bakano: Bar shi, ku Damagarawa da kuke cin fara buhu-buhu, ai ƙafar kwaɗo da Faransawa ke ci ba za ta ba ku tsoro ba. A kawo wa Yaya faranti biyu.

Ɗan Damagaram: Bakano da ya biya 35 yana kuka har bana, kai da dodon koɗi za a fara maka.

Bamarade: Hajiya ce da kanta ta ce mu zauna tare, ta ɗauke ni ɗa. Uwar Biyu, naman fa? In an ce kaza ko sa, yankan wa?

Uwar Biyu: A irin gidajen nan ba yankan Musulmi ba ne, shi ya sa mu kifi muke ci. Ka tambaya kai tsaye ko akwai giya a romon, ka kuma ce kar a sa "lardons" a salak, gutsattsarin alade ne. Suna faɗin gaskiya in an tambaya.

Alhajin Tawa: In an tambaya! Wa ya gaya wa baƙo ya tambaya? Yaron da ya yi mini sallama ai ya san ko mu su wane ne.

Ɗalibar Tulus: Ni abin da ke damuna a zancen nan ba masu gidan abinci ba ne. Bamarade shi ya gayyaci surukarsa, Allah ya saka masa. Amma mu ɗalibai fa? Bazarar da ta wuce wani ɗan uwan babana ya kira ni, wai ya iso, in zo in nuna musu bakin teku shi da iyalinsa. Na bar aikin hutu na kwana 3, na sayi tikitin jirgi. Duk inda muka zauna, in takarda ta zo sai kowa ya duba wayarsa. Rairayin ma da suka zo gani babu, bakin tekun Nis duwatsu ne, sai da na kama musu kujerun haya. Kuɗin ɗakina na wata ya tafi, aka koma gida aka ce wai na yi rowa ban yi wa kowa tsaraba ba.

Bakano: Wallahi ƙanwata kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Suna lissafa albashinmu da sefa ko naira, ba sa lissafa hayarmu.

Alhajin Tawa: A'a, kar ku haɗa mu duka. Ni da na zo, ni na biya, 187 cif.

Malam Na-Jami'a: Baƙo yana da haƙƙi, amma ɗalibi ba mai masauki ba ne, shi ma baƙo ne.

Ɗalibar Tulus: To Malam, je ka faɗa wa gwaggona haka.

Bamarade: Allah ya huci zuciyarki, ƙanwata. Uwar Biyu, gidajen Libération ɗin suna buɗewa a tsakiyar Agusta kuwa? Na ji ana cewa wasu rufewa suke su tafi hutu. Kuma akwai wurin ajiye keken jariri?

Ɗan Damagaram: Masu kebab dai ba sa hutu.