Ta yaya matasan da ke gab da rasa matsuguni za su sa baki a shawarwarin ƙungiyar agaji?

Ma'aikaciyar matasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyoyi da yawa suna cewa suna jin ta bakin matasan da suke taimaka wa, amma abin bai wuce takardar tambayoyi sau ɗaya a shekara da hoto a cikin rahoto ba. In ana so su sa hannu da gaske, daga ina ake farawa? Kujera za a ba su a kwamitin amintattu, wato shugabannin da alhakin ƙungiyar ke wuyansu, ko majalisa tasu za a kafa?

Ɗan kwamitin amintattu:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada a fara da kujera. A fara da rubuta abin da aka yarda a sakar musu. A raba shi uku: wanda su za su yanke, wanda za a yanke tare, da wanda ba ya hannunsu, kamar albashi da bayanan sirrin wasu. A faɗa musu tun ranar farko. Dokokin masaukin da ƙungiyar ke ba su (lokacin rufe ƙofa, shigowar baƙi), ƙuri'a a zaman ɗaukar ma'aikaci, da wani kaso na kasafi da za su kashe da kansu, waɗannan sun isa a fara.

Farfesa Laura Lundy ta kawo sharuɗɗa 4 a 2007, tana fayyace Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya ba yaro 'yancin a ji ra'ayinsa: wurin magana, damar faɗa, mai saurare, da tasiri. Na huɗun ne ke faɗuwa. Saboda haka duk shawarar da suka kawo a mayar da amsa a rubuce cikin mako 2: an ɗauka, ko an ƙi saboda kaza. In suka ji shiru sau biyu, ba za su dawo ba.

Mai kula da masauki:
Malam ya yi gaskiya, amma akwai abin da ke kashe zaman tun ba a buɗe baki ba. Matashin da gadonsa na daren yau ke hannunka ba zai ce maka dokarka ba ta da kyau ba. Zai gyaɗa kai ne kawai, yana kallon ƙasa. Don haka wanda ke yanke hukuncin wa zai zauna, wa zai fita, kada ya jagoranci taron, kada ma ya shiga. A kuma rubuta cewa sukar ƙungiya ba za ta taɓa taimakon kowa ba.

Sai ƙananan abubuwa. Mutum 6 zuwa 10 sun wadatar, a ɗauko fiye da ake buƙata, don wasu za su koma wani gari ko layinsu ya daina shiga. A karɓi hanyar tuntuɓa biyu. Kuɗin mota a ba da shi kafin taro, ba a ce ya biya a mayar masa ba, don ba shi da abin biyan. Da yawa ba su da katin shaida ko asusun banki, a tanadi wata hanyar biyan ladan lokacinsu, a kuma duba ko ladan zai rage musu tallafin gwamnati a ƙasashen da ake ba da shi.

Wanda ya fi damuna: kada a sa ba da labarin rayuwa ya zama kuɗin shiga. Ra'ayinsu a kan aikin ake nema. Sa yarinya ta maimaita yadda aka kore ta daga gida a gaban masu ba da tallafi fama mata ciwo ne.

Mai ba ƙungiyoyi shawara:
Kan kujerar, Malama, a duba dokar ƙasa tukuna. A Ingila ɗan shekara 16 zai iya zama amintacce idan ƙungiyar kamfani ce ko CIO, sauran sai 18. Amintacce kuma yana ɗauke da nauyin doka daidai da kowa, dole a bayyana masa kafin ya amsa. In za a ba su, a ba mutum biyu, ɗaya shi kaɗai cikin manya shiru zai yi. A taƙaita takardun a shafi ɗaya, a zauna da su minti 30 kafin taro a bi ajanda, su zaɓi wurin da za su yi magana.